Isidore Mai Tsintar Beguwa

Kafin motocin masu zuwa aiki su cika titi, Isidore Wabegijig ya riga ya fita da tsohuwar a-kori-kurarsa. A hankali yake tuƙi, idonsa na gefen hanya. In ya hangi beguwar da mota ta buge, sai ya tsaya, ya zuba mata ɗan garin taba bisa al'adarmu, ya yi godiya, sannan ya ɗauke ta. A bayan gidansa yake fige ƙayoyin, ya wanke, ya shanya, ya ware manya da ƙanana. In zafi ya shigo kuma sai daji, sauro na cin sa, yana sassaƙo ɓawon farin iccen nan da muke kira wigwas ba tare da wuƙarsa ta taɓa naman iccen ba.

Duk adudun ɓawon da matan garinmu na tsibirin Manitoulin ke yi wa ado da ƙayar beguwa, wanda baƙi ke ɗauka suna jinjina kai, daga hannun mutumin nan kayansa suka fito. Tun yana da baƙin gashi yake wannan aiki. Amma sunan da gari ya saka masa shi ne Mai Mushe.

Kowa ya shaida shekarar da wasu 'yan neman banza suka shiga kurmin bakin tafki suka feɗe itatuwan har suka bushe. Isidore bai tara taro ba. Ya shiga kwalekwale ya yi ta bin gaɓa har ya samo wani kurmin, ya dawo ƙafafu a kumbure, ya bi gida-gida yana raba ɓawo.

To, ga sakayyarsa. A bikin bara aka shirya karrama masu aikin ƙaya a zauren gari, aka gayyato baƙi daga birni. Isidore ya zo da wankakkiyar rigarsa. A bakin ƙofa Lorne, shugaban masu shirya bikin, ya tare shi.

"Kawu, ka ɗan matsa da motar nan bayan zaure, ka ga akwai baƙi. Za a kawo maka naka abincin can."

Bai yi musu ba, ya juya.

Inna Celina Shawanda, wadda ta fi duk masu aikin shekaru, tana teburin girma aka ajiye mata kifi da shinkafar tafki. Ta duba ba ta ga Isidore ba, ta tambaya. Lorne ya sunkuyo ya raɗa mata cewa motarsa na wari.

"Wari?" in ji ta, ba ta rage murya ba. "Babarka da ƙayar wa ta yi aikin da ta raine ku? A lokacin hancinka bai buɗe ba ne?"

Ta ɗauki kwanonta da sandarta ta fita. Sauran matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, aka bar baƙi da tebur wayam. A bayan motar suka ci abincin. Isidore sai haƙuri yake ba su, wai su koma kada yaron nan Lorne ya ji kunya. Har yau Lorne bai je ya ba shi haƙuri ba, mu kuma da muka zauna muna kallo ba mu fi shi ba.

Kawu Isidore, kai ne ka sunkuya inda kowa ke kau da kai. Ƙaya ta soke ka ba adadi, hannunka bai taɓa hutawa ba, sunanka kuma bai taɓa hawa kan adudu ko ɗaya ba. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, ka ce daga bana ka ajiye. Mun gode, kuma ka yafe mana.

Ku kuma masu ƙarfi a jika, matan nan na da basilla da ido, amma ba za su iya shiga daji ba. Isidore ya ce duk mai so ya zo, zai nuna masa kurmin da yadda ake riƙe wuƙa. Ku je yanzu, tun yana iya nunawa da kansa.