Kujerar Ƙarfe a Motar Kawu Gado

Jama'a, wannan labari ba ji na yi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi da wani ne ya ba ni shi da sai in ce rana ce ta buge shi. Shekaru ne da dama yanzu, lokacin ina da 'yar rumfata a bakin tashar Filinge ina aikin wutar mota, hanyar Sanam kuma lafiya lau take, mutum ya je ya dawo ba fargaba. Ni mai saurin fushi ne, kowa ya sani, amma a kan wayar mota ba na wasa, aikin da ya fita daga hannuna ba ya dawowa.

To, Kawu Gado, yayan mahaifiyata Hajo, manomi ne da ya taɓa tuƙi can wajen cin rani, sai rana ɗaya ya tattara bijiman nomansa da amalankensa ya sayar, ya sayo wata tsohuwar a-kori-kura, irin wadda muke cewa bashe, daga hannun wani tsohon direba a Sanam da ido ya fara gagara. Nufinsa in kaka ta yi ya riƙa ɗaukar mutane da gero zuwa kasuwannin ƙasar Kurfai. Kun ga ke nan in motar ba ta yi aiki a kakar nan ba, ba shanu, ba mota, sai shi da iyalinsa da bakin rumbu.

Da ya kawo mini ita na buɗe gaba, mazaunin batir ya ruɓe, ruwan batir ya cinye ƙarfen, ga sabon batir da ya saya ya yi wa wurin girma. Na ce babu wata dabara, baya za a mayar da shi. Na hau bayan motar ina neman wuri, sai ga wata 'yar kujerar ƙarfe ta mutum ɗaya an liƙe ta a lungu, daidai bayan direba, samanta har sheƙi yake yi. Na auna, kamar don batirin aka ƙera ta. Kawu ya ce ai mai motar ya faɗa masa wai ba a ɗora wa kujerar nan komai. Na ce masa haba Kawu, batir ne fa, ba buhun gero ba, ba abin da zai karya ta. Daga nan na manta da maganar.

Aikin nan na yi shi kamar na ɗan'uwa. Na jawo kabul mai kauri tun daga baya har gaba, na sa masa roba duk inda zai gogi ƙarfe, na ɗaura babban fizibil kusa da batirin don in wuta ta haɗu shi ya ƙone maimakon mota. Sannan mas, wato wayar da ke haɗa batir da jikin mota, wadda in babu ita ko fitila ba za ta kama ba, na kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fari tas, na ɗaure ta da noti, na ƙara wata daga inji zuwa shasi, wato ƙarfen ƙarƙashin mota. Murɗa makulli ɗaya ta tashi. Kawu ya shi mini albarka ya tafi.

Ranar kasuwar farko aka jawo ta da igiya. Wai suna cikin tafiya da hantsi komai ya ɗauke ɗif. Na hau na duba, mas a kwance, notin kuma yana zaune a saman batirin, a tsakiya, kamar an ajiye wa mai shi ya zo ya ɗauka. Ku da kuka san hanyar Sanam kun san in girgiza ce ta kwance noti ba za a sake ganinsa ba har abada. Na ce wani ɗan iskan fasinja ne. Na sa noti biyu, na matse har sifana ta so ta lanƙwashe.

Mako ya zagayo, aka sake jawo ta. Wannan karon fizibil ne, kuma bai ƙone ba, an zare shi lafiya lau an ajiye a saman batir, daidai inda aka ajiye notin. A gaban direbobin tasha Kawu ya dube ni ya ce, "Ni dai ban san mi na yi maka ba, ɗan Hajo. Motag ga lahiya ta zaka wurinka." Maganar nan ta ƙona mini rai ƙwarai. Na ce Kawu fasinjojinku za ku tuhuma, ya ce fasinjojinsa tsofaffin mata ne masu tallan kuka da daddawa, wacce ce cikinsu take yawo da sifana?

Abu ya kai har gida. Mutane sun fara gudun motar, suna cewa wanda ya hau ta da ƙafa zai ƙarasa, gero na fita a motocin wasu, Kawu ya daina amsa gaisuwata. Mahaifiyata ta kira ni ta ce ita ba ta san waya ba, amma kada in raba ta da ɗan'uwanta a kan waya. Na fita ko abinci ban ci ba. Na ja motar wajen mai walda na sa ya liƙe kan mas ɗin da jikin shasi, na naɗe gidan fizibil da waya, na ce wa Kawu kasuwa mai zuwa da ni za a tafi, a baya zan zauna, in ga uban da ke taɓa mini aiki.

Muka kama hanya rana ta ɗaga, mutanen da suka yarda suka hau ba su da yawa, wuri ko'ina. Na zauna a kan wani buhu, gwiwata na gogar batirin, idona a kansa. Can na lura da wata tsohuwa a tsaye a lungun, siririya, da baƙin zane irin na da, ta riƙe ƙarfen rumfar motar da hannu ɗaya, mota na ta tsalle da ita. Ban ga lokacin da ta hau ba, amma ban kawo komai a raina ba, haushi ne ma ya kama ni, ga wuri ta ƙi zama, in ta faɗi a ce motar Kawu ce. Na ce, "Inna, ku zo ku zauna nan kan buhu mana."

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, sai gajiya. Ta ce, "Ɗana, ni wurina guda ne cikin motag ga, kuma ka aza mini kaya. Tun farkon kaka nike tsaye." Wallahi haka ta ce, ba ƙari. Ni kuwa da bakina na buɗe zan ce wane kaya, sai inji ya ɗauke, mota ta gangara ta tsaya cikin yashi.

Na sunkuya na duba. Mas ɗin da aka yi wa walda yana ajiye a saman batir, bakinsa sumul, ba alamar yanka, ba alamar karyewa, kuma gwiwata ba ta bar wurin ba ko sau ɗaya. Na ɗago, ba tsohuwa. Fili ne fetal, gonakin da aka girbe, ko kare ya gifta sai ka gan shi. Na tambayi matan da ke baya ina tsohuwar da ke tsaye a nan, ɗaya ta ce wace tsohuwa, su dai sun ji ina magana ni kaɗai, sun ɗauka waya nake amsawa. Innalillahi. Da rana tsaka fa.

Kawu ya fito zai fara faɗa, na ce ku yi haƙuri ku kama mini. Muka sauke batirin daga kujerar, na ja shi ɗaya lungun iyakar inda kabul ya kai, na ɗaure shi da igiyar akuya, mas kuwa na maƙala shi a jikin wata tsohuwar ƙusa mai tsatsa da hannu kawai. Aikin da ko maƙiyina ba zan yi wa ba. Kawu ya murɗa makulli, ta tashi kamar sabuwa, muka je Sanam muka dawo ko tari ba ta yi ba. Har yau wannan ne ke ba ni haushi, aikina mai kyau ya ƙi, na igiyar akuya ya yi.

Daga baya na gyara wa batirin akwati a wancan lungun, Kawu ya ci sauran kakarsa, ya ci wasu bayanta, har ya mayar da shanu. Na so mu je mu tambayi tsohon direban ko wace ce, Kawu ya ce, "Mota na tahiya? To bar ta hakanan." Ban sake tayar da maganar ba, kuma ban sani ba har gobe.

Amma akwai abin da ban faɗa wa Kawu ba. Ran nan da muka isa Sanam, mota ta daɗe a rana, ƙarfen jikinta ba ya taɓuwa don zafi, na hau ɗauko sifanata sai na dafa kujerar nan ba da niyya ba. Sanyi ƙalau, kamar wani ya daɗe zaune a kai ya kare ta daga rana. Na janye hannuna, na ce ku gafarce ni Inna, na sauka.

Don haka 'yan'uwa masu aikin mota, in aka kawo muku tsohuwar mota aka ce abu kaza ba a taɓa shi, ku tambayi dalili kafin ku ɗauki sifana. In ba wanda ya san dalilin, ku nemi wani lungun, kabul ne kawai zai ƙaru.