Wasiƙar Baba a cikin littafina

Ban faɗa wa kowa ba, amma kwana shida ke nan ina ɓoye wasiƙar Baba cikin littafin soyayyar da nake karantawa.

Shi ke riƙe da ɗakin littattafan gidan likita tun ban shiga lakwal na fara boko ba. Bana aka ce za a tura shi Maraɗi formasiyo, ya koyo tsara littattafai a ordinata, wato kwamfuta. Don murna har ya zana madannanta a jikin kwali, kullum yana gwaji.

Da direban motar Tasawa ya miƙo mini ambulan in kai wa Baba, sai na buɗe. Gurbin formasiyon an ba wani da bai taɓa kakkaɓe kanta ɗaya ba.

Jiya yana goge babbar rigarsa ya ce, "Uwata, har yanzu shiru?"

Na ce, "Baba, in ba a kira ka ba fa?"

Ya yi dariya. "To wa za su kira? Gara kaɗai ta fi ni sanin littattafan nan."

A littattafaina wasiƙa alheri take kawowa. Wannan kam yau zan miƙa masa, kafin ya ji a bakin mutane. Don Allah, da wace kalma ake farawa?