Kwanon Miyar Kifi

Shekarar da ruwa ya cinye ƙauyenmu, can wajen Kirikasamma, ita ce shekarar da na rasa maigidana. Ko kabarinsa ba zan gane ba yanzu, ciyawar kachala ta rufe wurin. Ɗana ya kama mini ɗaki a Haɗejiya kusa da jingar da ke tare kogi, ya koma kudu wurin nemansa.

Ba yunwa nake tsoro ba. Tsorona in mutu a rasa macen da za ta shigo ta yi mini wanka.

Sai na yi abin da na iya. Na dafa miyar busasshen kifi, na zuba a kwanona mai murfi, na bi gidajen maƙwabta. A wurinmu kwano ba ya komawa wayam, ko barkono uku ne a sa. Nan kuwa sai ya dawo a wanke tas, da "an gode". Gida huɗu haka.

Na biyar gidan wata tsohuwa ce mai tsiwa, ita ke yi wa matan unguwa wanka in sun rasu. Ta ɗaga murfin ta shinshina.

"Baƙuwa, kifin nan ya girme ni ko?"

"Yaya, ci ki ba ni labari."

Kwanon ya dawo da goro biyu a ciki. Na zauna na yi kuka. Daga nan ko suna ko rasuwa sai ta leƙo: "Taso, 'yar ruwa." Ni ke riƙe mata buta wurin wanka. Da na faɗa mata tsorona, ta ce, "Ke dai ki riga ni, sauran nawa ne."

Daminar bana kogi ya sake cika, maza suna ta jera buhunan yashi a jinga, zazzaɓi ya shigo unguwa. Ran Talata na kai wa tsohuwar miya. Ran Alhamis da hantsi 'yarta ta shigo da kwanon, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Inna, ta ce ke za ki yi mata."

Na yi mata wankan gawa, 'yar tana zuba ruwa. Ina jin matan tsakar gida suna tambayar juna wace ce wannan. Washegari 'yar ta koma gidan mijinta a Birniwa.

Tun jiya nake jin sanyi a ƙashina. Na wanke kwanon, na jiƙa sauran kifin. Akwai gida na shida a ƙarshen layi, in ƙafata ta kai ni.