Kumfar Sabulu a Tankin Motar Baba

Ranar wata Laraba ce a damina, shekarar da nake aji huɗu, motar Baba ta mutu a tsakiyar mahaɗar Kawukudi. Ina kujerar baya da jakar makaranta. Injin ya fara karkarwa kamar mai zazzaɓi, ya yi tari sau biyu, ya yi tsit. Direbobin trotro, motocin hayar gari, suka hau danna hon suna zagi da yarukan Twi da Ga. Sai jijiyar wuyan Baba ta miƙe. A gidanmu na Nima kowa ya san wannan jijiya. In ta tashi, ko kaji ba sa tsayawa a tsakar gida.

Motar tsohuwa ce ƙirar Jamus, gadon kakana mai fataucin goro. Ba ta da kafireta irin na sauran motocin unguwa. Famfo ne ke turo mata mai ta wasu siraran bututu zuwa nozul huɗu, kuma duk Nima da Maamobi mutum ɗaya ne ya san kanta, Masta Issaka makanike, abokin Baba tun suna yara.

Ni kuwa na san abin da na aikata. Lokacin famfon unguwa yakan yi kwanaki bai kawo ba, ranar da ya kawo sai mu 'yan mata mu kwashi galan-galan masu ruwan ɗorawa mu ruga layi. Na Baba na fetur shi ma irinsu ne, jan ƙyalle kawai aka ɗaura masa a hannu. Rannan galan suka ƙare, ni da shegen wayo na sunkuci na Baba, na zuba garin sabulu na girgiza na girgiza don warin ya fita. Ina! Ya ƙi fita. Da na ji motsin Baba sai na mayar da shi wurinsa da sauran ruwan a ciki. Washegari ya cika shi da fetur ya juye wa motar.

Kwana uku motar tana ƙarƙashin rumfar Masta, kusa da babbar kwata. Kullum na taso makaranta sai ƙafata ta kai ni can, ba don ina so ba. Masta ya sauya filogi, ya sauya matatar mai. Ya kwanta a ƙasa ya kasa kunne ga famfo, ya ce ƙararsa lafiya. Ya bi robobin iska ɗaya bayan ɗaya yana neman tsaga. Motar ta tashi, ta yi minti biyu tana rawa, ana ɗaga ƙafa daga totur ta sake mutuwa. Mata a gida suka fara cewa jifa ne. Baba bai yarda da jifa ba. Abin da ya shiga kansa ya fi wannan muni, wai Masta ya cire kayan motar na asali ya sa mata na bola.

Ranar Juma'a bayan an sauko, a gaban jama'a, Baba ya kira Masta ɓarawo. Ya ce in Litinin ta yi motar ba ta tashi ba, za su haɗu a gaban sarkin unguwa.

Ranar Asabar Masta ya zare nozul ɗin, ya sa kowanne a kwalba, ya murza makulli. Biyu suka yi feshi, biyu suna ɗiga kamar hawaye. Ya tsiyayo man tanki a wata kwalbar ya ajiye. Can sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa. Ya girgiza ta, farar kumfa ta taso. Ya shinshina, ya dubi hannuwana da sabulu ya cinye, sannan ya dubi fuskata.

"Me ka gani?" in ji Baba daga bayana.

Masta ya tuttular da kwalbar a kwata. Ya ce, "Ruwan sama ne, Alhaji. Ni na bar murfin tanki a buɗe wancan zuwan. Laifina ne."

Ya wanke tanki, ya busa bututu, motar ta tashi lafiya lau. Baba ya ja ta ya tafi, bai ko yi masa sallama ba, bai kuma janye maganarsa ba. Masu tasi suka fara kai motocinsu wani wuri. Kafin babbar salla Masta ya kwashe sifanoninsa ya koma arewa, garin iyayensa, ba mu ƙara ganinsa ba.

Yanzu makanikai na'ura suke jona wa mota, ta faɗa musu ciwonta a minti biyar, ba mai zargin kowa. Inda rumfar take an gina shagon wayoyi. Baba ya rasu yana ganin abokinsa ya cuce shi, ni kuma na sha zama a gefen gadonsa ban faɗa ba. Ina jin kunyar wannan shiru fiye da komai a rayuwata. Da na yi magana, dukan rana ɗaya zan sha ya wuce.