Kafur a Akwatin Ya Fanna

A unguwar Hausari, idan ka ce wa mai keke ya kai ka gidan Ya Fanna mai turare, ba zai tambaye ka kwatance ba. Shekara talatin da 'yan kai tana haɗa turaren wuta da humra a tsakar gidanta, kuma ba ta taɓa sayen gajiji ko sandal ba sai ta sansana sau biyu. Bakin ɗan kasuwa ba ya shiga kunnenta, hancinta kawai ta yarda da shi. Matan unguwa sukan ce ko gaisuwa ka yi mata sai ta juya ta ta duba ƙarƙashi.

'Ya'yanta biyu ne suka rayu. Hashim, na fari, ya haura talatin, ba ya ji, ba ya magana, wuyansa a karkace, yana wuni a kan tabarma gindin darbejiya. Lafiya lau aka haife shi. A kwana na biyar idonsa ya yi ɗorawa, ya riƙa sandarewa yana wani kuka mai tsini. Tsofaffi suka ce iska ce ta shafe shi, aka yi hayaƙi aka yi rubutu, ya tashi a haka. Ta biyun ita ce Mu'mina, wadda ta zo gida haihuwar fari a daminar bara.

Namiji ta haifa. Ya Fanna ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, inda ta adana kayan jarirai tun na Hashim. Duk shekara kafin ruwa ya sauka takan zuba sabon kafur a ciki saboda asu da kyankyaso, shi ya sa ko zare ɗaya bai ci ba. Da alfahari ta naɗe jikanta a cikin wani zane mai laushi ruwan toka.

A kwana na huɗu yaro ya ƙi nono, idonsa ya yi ɗorawa, alamar ciwon shawara. Ya Fanna ta fitar da shi hantsi ya sha rana, kamar yadda ta ga ana yi. Mijin Mu'mina, Abdulnasir, shi ya matsa aka tafi asibiti. Ya Fanna ta shiga keken ne kawai don kada a yi wani abu a bayan idonta.

Likitar da ta karɓe su wata 'yar siririya ce, Dakta Ketura, 'yar kudancin Borno, wadda aka ce aikinta ƙwaƙwalwar jarirai. Tun daga nan Ya Fanna ta tsargu. Yaro idonsa ne ya yi ɗorawa, me ya kawo zancen ƙwaƙwalwa? Aka tuɓe shi tsirara, aka rufe masa ido, aka kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Aka ɗibi jini a dunduniyarsa. Likitar ta shafa masa wani abu mai sanyi a maɗiga, ta ɗora na'ura tana kallon allo.

"Me kike nema a kan yaron mutane?" in ji Ya Fanna.

"Ina duba ko shawarar ta fara taɓa shi ne, Mama."

"Shawara a ido take."

"Daga ido ake fara ganinta."

Duk abin da aka ce sai likitar ta rubuta. Wannan ma bai yi wa Ya Fanna ba, don ba ta san wanda za a kai wa takardar ba.

Kafin azahar sakamako ya fito. Dakta Ketura ta ce fitila kaɗai ba za ta isa ba, sai an canza masa jini a yau, a riƙa zare nasa kaɗan-kaɗan ana zuba wani. Idan aka jinkirta, shawarar za ta haye ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata a can ba ya gyaruwa. Ta miƙa wa Abdulnasir takarda da biro ya sa hannu.

"Jinin nasa ki kai shi ina?" Ya Fanna ta miƙe. "Na wa za ki zuba masa? Abdulnasir, ajiye biron nan. Mu'mina, ɗauko ɗanki."

Abdulnasir ya tsaya da biro a hannu. Mu'mina ta kalli mijinta, ta kalli uwarta, ta fara kuka. Ya Fanna ta warware zanen nan ruwan toka za ta naɗe yaron.

Sai likitar ta kama gefen zanen ta kai hancinta. Ta sansana, ta sake sansanawa. Ya Fanna ta tsaya cak. Ba ta taɓa ganin ma'aikacin asibiti ya yi aiki da hancinsa ba.

"Mama, kafur kike sa wa kayansa?"

"To da me zan sa? So kike kyankyaso ya yi masa fitsari?"

"Ba laifinki nake nema ba. Akwai yaran da jininsu ba ya shiri da kafur. Warinsa kaɗai yakan farfasa musu jini, shawara ta taso da ƙarfi. Ta wajen uwa ake gadon abin, kuma maza ya fi kamawa. A ɗakinki an taɓa yin namijin da idonsa ya yi haka yana jariri? Ya riƙa banƙarewa, yana kuka mai tsini, daga baya aka ga ba ya ji?"

Ya Fanna ta juya kan 'yarta. "Ke kika gaya mata?"

"Wallahi Ya, ban ce komai ba."

Ta dubi Abdulnasir, ya girgiza kai. Ta daɗe tana neman wanda ya kai tsegumin gidanta, ba ta samu ba. Sai ta dubi zanen da ke hannunta. A cikinsa ta naɗe Hashim ranar da aka haife shi.

Ba ta yi kuka ba. Ta ninke zanen ta cusa a jaka, ta ce da surukinta ya sa hannu. Amma ta kafa sharaɗi: za ta ga ledar jinin da idonta, za ta tsaya a taga har a gama, kuma a gabanta za a zubar da wanda aka cire. Da aka kawo ledar ta nemi ta sansana. Nas ɗin da ta kawo ledar ta yi dariya, Dakta Ketura ta ce a miƙa mata.

Yaro yana asibiti aka raɗa masa suna Ibrahim Khalil. Ranar sallama likitar ta ce ba za ta yi alkawarin komai ba sai an gwada jinsa nan da wata uku. An gwada, an ba su takarda cewa kunnuwa biyu lafiya. Ya Fanna ta karɓi takardar ta sa ƙarƙashin katifa, ba ta ce ta yarda ba.

Kafur kam ta zuba shi a masai tun ranar da ta dawo, kayan akwatin kuma ta wanke su sau uku ta shanya kwana bakwai. Yanzu duk mai jegon da ta shigo sayen turare, sai Ya Fanna ta kama zanen goyonta ta sansana kafin ta auna mata komai. Wasu suna jin haushi, ba ta damu ba.

Duk ranar da Mu'mina ta kawo yaron, Ya Fanna takan bari sai ya shagala a kan tabarma kusa da kawunsa, ta lallaɓa ta bayansu ta saki murfin tukunya a kan siminti. Jiya ma ta yi. Ibrahim Khalil ya zabura ya tsala ihu, Mu'mina ta ce, "Haba Ya, sau nawa?" Hashim bai waiwayo ba, yana ta kallon inuwar ganye a ƙasa. Ya Fanna ta ɗauke murfin, ta je ta zauna a gefensa.