Tabon Da Na Hana A Duba

A shekarun da aka fara Shari'a a jiharmu ina aji biyu a jami'a, kuma ni kaɗai ne ɗan ƙauyenmu, kusa da garin Babban Mutum, da ya taɓa kaiwa can. Kaina ya kumbura ba kaɗan ba. A zangon nan mun yi darasin falsafa a kan tambayoyi biyu: me ke sa mutum ya zama shi ne dai na jiya, kuma me ya kamata a yi idan masu hankali biyu suka saɓa. Na haddace cewa mutum shi ne abin da yake tunawa, jiki canzawa yake. Na kuma haddace cewa idan tsara biyu, wato waɗanda saninsu ya zo ɗaya, suka saɓa, sai a dakatar da hukunci.

Ina hutu a gida wani dattijo ya yi sallama, ramamme, da buhu a kafaɗa. Ya ce shi ne yayan babana, wanda ya bi fataken shanu Nijar shekara talatin da wani abu, har aka yi masa sadakar mutuwa. Kakata ta makance a lokacin. Tana jin muryarsa daga zaure ta saki carbinta, ta ce wallahi ɗanta ne. Babana kuwa ya ce ɗan damfara ne, gona ya biyo. Da gardama ta yi tsanani, sai aka ce a kira mai ilimi. Wai ni!

Na zaunar da bawan Allahn nan kamar alƙali. Na tambaye shi sunan malaminsu na allo, ya ce ya manta. Na tambaye shi inda tsohuwar rijiyar gidan take, ya nuna gabas alhali tana yamma. Ya ce ya yi doguwar jinya a can, abubuwa da yawa sun ɓace masa. Kakata ta ce a bar wahalar da shi, a duba cinyarsa ta hagu, akwai ƙunar kunun da ya zubo masa yana rarrafe. Ni na hana. Na ce tabo ba hujja ba ne, kowane ɗan ƙauye yana da shi, kuma tunda ita da Baba sun saɓa, hankali ya ce a jira. Na faɗa da Turanci, na fassara musu, mutane suna ta jinjina kai. Aka ce ya je ya zauna a rumfar masallaci kafin a bincika. Ya ɗauki buhunsa ya fita.

Kwana tara ya yi a can yana tari. Kullum kakata sai ta roƙi a kai ta wurinsa, ana ce mata sai an gama bincike, alhali babu wanda ke binciken komai. Rana ta goma, da hantsi, liman ya aiko cewa baƙon ya cika. Babana yana cikin masu wanka, ni ina miƙa ruwa. Wajen juya shi zanen ya zame, sai na ji buta ta faɗi daga hannun Baba. Innalillahi! Ga ƙunar nan a cinyar hagu, faɗin tafin hannu, daidai inda ta ce. Baba ya durƙusa yana kiran yaya, yaya.

Ni kakata ta sa na ja mata sanda zuwa wurin gawar. Ta shafa fuskarsa, ta shafa kunnuwansa, ta daɗe. Ba ta zage ni ba. Ta dai juyo ta tambaye ni a hankali ko yanzu littafina ya yarda ta kira shi ɗanta.

Ba karatun nake zargi ba, ni ne na ɗauke shi rabi. Malaminmu ya ce tsara biyu, ni kuwa na auna uwar da ta haife shi da ƙanen da yake ɗan shekara shida ranar da ya tafi, na ce daidai suke. Kuma jiran da na kira adalci, a kan tabarmar masallaci wani ya yi shi, ni ina kwance a ɗakina. 'Yan'uwana ɗalibai, idan aka kira ku raba gardama a gida, ku fara tambayar wa ya fi sani, sannan ku duba abin da ake iya dubawa. Ɗaga zane ɗaya ya isa tsohuwar nan ta yi kwana tara da ɗanta, ni na hana.