Gaisuwar da Aka Yanke

Fassara nake yi a gidan rediyo, shi ya sa da na ji cewa katun ɗin da 'yata take kallo asalinsa na Japan ne, na ce mu kalli kashi ɗaya sau biyu, na Japananci da na Turanci, a falonmu na Greenbelt, Amurka.

A na Japanancin, yarinyar cikin katun ta dawo daga makaranta, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa gaban kakarta ta sunkuyar da kai. A na Turancin an yanke wurin gaba ɗaya. Da gudu ta faɗo gida ta buɗe firij.

Raina ya ɓaci. Na mayar baya na nuna wa 'yata abin da suka cire. Ta amsa min da Turanci cewa gara da suka cire, ɓata lokaci ne.

Bayan azahar mahaifiyata ta kira ta bidiyo daga Kano. Na ce wa 'yata, "Zo ki gaida Hajiya." Tana kwance kan kujera ta ɗaga mata hannu. Hajiya ta ɗan jira, sannan ita ta gaida jikarta.